Kilo Casa'in

Sau uku Nuraddeen ya maimaita lissafin, sau uku kuma fensirinsa ya tsaya a wuri ɗaya: jirgin Legas ya yi nauyi da kilo casa'in.

Juma'a ce, a daminar farko bayan gwamnati ta taso daga Legas ta tare a Abuja. Ma'aikata sun biyo teburansu amma sun bar iyalansu a can, don haka duk Juma'a filin jirgi cika yake yi maƙil da manyan riguna da jakunkunan hannu, kowa yana jin shi ne gwamnatin. Ko wurin ajiye ƙafa ba a samu a kowane jirgi.

Nuraddeen shi ne mai sallamar jirage na wani ƙaramin kamfani. Ba ya tuƙi, ba shi da hula mai zinariya, fasinja ma bai san da zamansa ba. Amma shi ke duba yanayi, ya auna mai da kaya, ya tsara hanya, kuma jirgi ba ya tashi sai hannu biyu sun hau takarda, na matuƙi da nasa. Wata shida ya yi yana karatu a Zariya kafin ya samu lasisi, inda aka dasa masa a ka cewa lambar da ya rubuta a ƙasa ita mutane za su hau a sama.

Ranar a makare ya iso daga Dutsen Alhaji, abin da bai saba ba, kafaɗar rigarsa a yamutse. Shayinsa ya huce bai taɓa ba. Duk sanda ya sunkuya, sai wani abu a aljihunsa ya ƙwanƙwashi tebur.

Rahoton yanayi ya ce hadari ya haɗo a Legas. Doka kuwa ta ce a ƙara man jira a sama da na juyawa wani filin. In mai ya ƙaru, dole kaya su ragu. Ya sauke buhunan doya, ya sauke jaridu, ya sauke akwatunan fayil. Kilo casa'in ɗin nan suka ƙi tafiya.

Sai mutane ke nan. Ƙa'idar kamfani a nan ba ta da kwana: masu tikitin kyauta na iyalan ma'aikata su ake fara saukewa. Ranar mutum biyu ne, wata mata da 'yarta mai shekara shida. Su da jakarsu, kilo casa'in da biyar.

Yarinyar da ciwon zuciya aka haife ta. Wasu likitoci baƙi sun zo Legas suna yi wa yara aiki, gobe Asabar za su rufe, sunanta kuma yana jerin ƙarshe. Manyan asibitoci ba su biyo gwamnati ba tukuna. Tafiyar mota kuwa, likita ya ce ba za ta kai ba.

Cynthia, mai karɓar tikiti, ta shigo ta tsaya a kansa.

"Oga Nura, ka san waye da waye ne a tikitin ma'aikata yau fa."

"Na sani," ya ce, bai ɗago ba. "Je ki roƙa ko wani zai bar kujerarsa."

Ta je ta roƙa da lasifika har sau biyu. Wani darakta ya sauke jaridarsa, ya duba agogo, ya mayar da ita. Babu wanda ya miƙe.

Sai ga matuƙin da kansa, Kyaftin Thaddeus, dattijo mai shekara ashirin a sama. Ya rufe ƙofa, ya rage murya.

"Nura, abokina, rage wa kowane fasinja kilo ɗaya a takarda, shi ke nan. Jirgi ba zai ji ba. Ni zan sa hannu, ba wanda zai sani."

Gaskiya ne, da wuya jirgin ya ji. Nuraddeen ya ɗauki abin goge fensir, ya riƙe shi a kan lambar. Mutum casa'in da bakwai ne a takardar nan, kuma bai san sunan 'ya'yan kowa ba, amma ya san suna da su.

"Ni zan sani, Kyaftin," ya ce. Ya ja layi a kan suna biyu, ya sa hannu.

Thaddeus ya dube shi, ya ɗauki takardarsa ya fita ba tare da sallama ba.

Akwai doka ta ƙarshe: wanda ya sallami jirgi ba ya barin kujerarsa sai jirgin ya sauka. Nuraddeen ya juya wa tagar da ke kallon zauren fasinja baya, ya zauna gaban rediyo. Bai taɓa jin awa ɗaya mai tsawo da ɗaci irin wannan ba.

Ƙarfe huɗu da kwata Legas ta kira. Hadarin ya watse tun jirgin yana hanya, an sauka lafiya, man da aka ƙara ko ɗigo ba a taɓa ba.

Likitocin sun koma ƙasarsu ranar Lahadi, yarinyar kuma ba ta ga wata damina ba. Amma wannan daga baya ne.

A ranar dai, Nuraddeen ya rubuta lokacin sauka a littafi, ya rufe, ya gangara zauren da ya zama fayau. Matar tana zaune a benci na ƙarshe, ba ta kuka, ba ta kuma dube shi ba. Ya durƙusa, ya ciro kwalbar maganin da ya manta a aljihunsa tun safe.

'Yar tasa ta kwantar da kanta a kafaɗar nan da ta yamutsa a mota da safe, ta ce, "Baba, wane mugu ne ya ce a sauke mu?"