Ramin Bayan Shagon Tela

Da akuyar surukarsa ta faɗa ramin bayan shago, tela ya cire hula ya fara jaje.

"Sai haƙuri, Inna. Ramin nan ba shi da ƙarshe. Zaren shagona kaf na zura, bai taɓo ƙasa ba."

Shekara da shekaru yana faɗa wa unguwa haka, har mai shayi ya ƙara da cewa aljanu ma kewaye shi suke yi. Ba mai leƙawa. Shi kansa tela ya yarda, don duk ɗinkin da ya ɓata ya jefa ciki bai taɓa dawowa ba.

Sai akuya ta yi kuka, kusa-kusa, kamar daga ƙarƙashin gado.

"Amsa-kuwwa ce," in ji tela.

Tsohuwa ta durƙusa, ta zura hannu, ta kamo ƙaho. Akuya ta fito tana taunar wata riga mai karkataccen wuya.

"Ba atamfata ba ce wannan, da ka rantse ɓarayi sun kwashe?"

Ta sake leƙawa, ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa.

"A kira unguwa. Kowa ya zo ya ɗauki tasa rigar."