Garwashin Ranar Lahadi

Idan doka da jaririnka suka faɗa ruwa, wa za ka fara tsamowa? Ni dai na ga amsar dattijon cocinmu.

Shi ne ya sa aka saka ƙafafun wata gwauruwa a turu, a dandalin ƙauyenmu na Massachusetts a Amurka, wai ta ɗebo wuta a maƙwabta ranar Lahadi, ranar da doka ta hana aiki. "Aiki ne," in ji shi. "Ni gara in daskare da in ɗauki cebur ranar Ubangiji."

Sai ga wata Lahadi, dusar ƙanƙara har gwiwa. Murhunsa ya mutu, ƙyastu ya ƙi kamawa, jaririnsa ko kuka ya daina saboda sanyi. Gida ɗaya ne ke hayaƙi a kusa, kuma na gwauruwar nan ne. Ya je ya ƙwanƙwasa.

Ta buɗe ƙofa, ta dube shi sama da ƙasa.

"A'a, Dattijo! Ashe Litinin ta yi ban sani ba?"

"'Yar'uwa, yaron ne..."

"Ga murhu can. Ni kam ba zan taɓa ba, har yanzu idon sawuna bai warke ba."

Muna hanyar coci duk muka gan shi ya fito a guje, cebur cike da garwashi, yana kare shi daga iska da doguwar hularsa.