Ɗan Wasan da Ba Ya Faɗuwa

Sallau, na ji an ba ka usur, wai kai za ka yi alƙalancin gasar unguwanni. Allah ya taya ka riƙo. Ni dai ban yi maka murna ba, don na tsufa a bakin fili, kuma abin da idona ya gani ya isa ya fitar wa mutum da ƙwallo daga rai. Kana ta cika baki wai ba mai yaudararka da faɗuwar ƙarya, wai a Ingila ma barin maza ake yi su gwabza. To, gyara zama ka ji wani misali.

A wani gari an yi 'yan wasan gaba su biyu a ƙungiya ɗaya. Na farkon ƙaƙƙarfa ne, da safe yana dakon buhuna a kasuwar hatsi, da la'asar ya zo fili. Ya sha kallon wasan Ingila a gidan kallo, har ya sa wa ransa cewa namiji ba ya faɗuwa. A taka shi, a ja masa riga, a sa masa gwiwar hannu a haƙarƙari, sai ya yi tangal-tangal ya ci gaba da gudu da ƙwallonsa. Su kuwa alƙalanmu, ka san halinsu, ba sa busa sai sun ga mutum a ƙasa. Don haka bawan Allah nan ya yi shekara da shekaru yana shan shuri a banza, ƙwaurinsa duk tabo. Na biyun siriri ne, mai wayon tsiya. Shi ba ya shiga inda ake turmutsutsu. Raɓewa yake yi sai ƙaƙƙarfan ya sha duka ya ƙwato ƙwallo ya miƙa masa, sannan ya shiga da ita gaban raga. Ko inuwar mai tsaron baya ce ta taɓa shi, sai ya zube yana birgima, ya riƙe ƙafa yana kururuwa kamar akuyar da aka kai mahauta. Usur ya tashi, fenareti. Nan take ya miƙe garau, ya karkaɗe wando, ya buga ya ci, 'yan kallo su ɗauke shi a kafaɗa.

Akwai wani alƙalin wasa, mutumin kirki, da siririn ya taɓa yi wa wannan aika-aika. Magoya bayan waɗanda aka zalunta suka jefi alƙalin, suka fasa masa fitilar babur, yara suka riƙa binsa a gari suna cewa an saye shi. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya rantse a gaban jama'a cewa duk mai sanye da rigar ƙungiyar nan da ya sake faɗuwa a gabansa, ko ransa ne ke fita ba zai busa ba. Sai ga shi an ba shi wasan ƙarshe na kofi da ƙungiyar nan za ta buga, ranar da wani mai neman 'yan wasa ya zo daga birni. Masu tsaron bayan abokan karawa sun ji labarin rantsuwar. Suka fara gwadawa da ɗan shuri, shiru. Suka ƙara, shiru. Siririn ya faɗi sau ɗaya, ya ga yau ba kasuwa, ya ja gefe abinsa. Ƙaƙƙarfan ne ya ci gaba da shiga, don shi bai san wata hanya ba. Bayan hutun rabin lokaci ya ƙwaci ƙwallo a tsakanin mutum uku, ya tura wa siririn, sai wani ya taho da ƙafa biyu, ƙusoshin takalmi a sama, ya sauka a kan ƙwaurin ƙaƙƙarfan. Har masu sayar da rake a bakin fili sun ji ƙarar ƙashin. Ya faɗi, faɗuwarsa ta farko ke nan a filin. Bai yi birgima ba, bai yi ihu ba, don bai taɓa koya ba. Alƙali ya wuce ta kansa a guje yana cewa, "Tashi, malam, mun san halinku!" Siririn kuwa, da yake duk an taru a kan abokinsa, ya tarar da mai tsaron gida shi kaɗai, ya zura ƙwallo. Ana cikin sowa alƙali ya dawo ya zaro katin gargaɗi, wai zai hukunta mai ƙaryar rauni. Sai a lokacin ya duba ƙasa, ya ga tafin ƙafar mutumin yana kallon inda ƙafa ba ta kallo.

Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙashin ya haɗu a karkace. Ƙwallo ta ƙare, dakon buhu ma ya gagara, ga iyali a gida. Alƙalin bai sake taɓa usur ba. Siririn kuwa mutumin birni ya tafi da shi a mota, yau ana jin sunansa a rediyo, yaran unguwa ba abin da suke koyo a fili sai birgimarsa. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Kada ka zuba mini ido, Sallau, ba ni da dabarar da zan ba ka. Na daɗe ina nema ban samu ba. Ka je ka busa yadda Allah ya nuna maka, amma ka sani in an tashi wasa, wanda ya tsaya da ƙafafunsa shi ake ɗauka a ranga-ranga, kuma ba a filin ƙwallo kaɗai ba. Tun kafin a zo da ƙwallo ƙasar nan magabata suka gama magana: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.