Handila Biyu a Zaɓen Direbobi

Ba a taɓa yin zaɓe mai tsafta a Zongon Kwatano kamar na ƙungiyar direbobin tirela ba. Kowa ya danna ƙuri'arsa a kwamfutar ofis, manhajar Java ta aika ta can inda ake ƙirga. Abdulƙahar ya ci, Alhaji Muhuyi ya sha kaye.

Da la'asar Alhaji ya tare ɗan ƙanwarsa Sirajuddeen, wanda ya rubuta manhajar.

"Kai, ba mun gama magana ba? Ina handilar da ka ce za ka liƙa wa manhajar don in ci?"

"Na liƙa, Kawu. Duk saƙon da zai fita sai ya bi ta cikinta, ta musanya sunanka da na Abdulƙahar."

"To, ya aka yi na faɗi?"

"Shi ma tsoron faɗuwa ya kawo shi da irin buƙatarka. 'Yarsa nake nema, ina zan ce a'a? Sai na jera biyu. Taka ta juya ƙuri'a, tasa ta mayar da ita yadda take."

Alhaji ya daɗe yana kallon yaron nan da shi da kansa ya biya wa kuɗin karatu a jami'ar Calavi. Sannan ya wuce wurin mai tukuba, ya biya kuɗin ragon da ya sa a gasa don walimar nasararsa, wanda mutanen Abdulƙahar suka riga suka cinye.