Firjin Gwaggo Tumini

Firjin ne ya fara shiga. Maza huɗu suka ɗauko shi ta tsakanin gonakin shinkafa suna nishi, a bayansu ga kujerun kushin, ga talabijin, ga ledar da za a rufe ƙasar ɗaki da ita. Wening ta dawo daga kasuwa goye da kwandon rogo, ta tarar gidansu ya yi arziki ba tare da saninta ba.

"Kaka! Me nake gani?"

"Baƙon birni ba ya zama a ƙasa a gidana," in ji Kaka Sarni tana goge talabijin da gefen zaninta. "Talaucinmu namu ne, ba na nunawa ba ne."

Wening ta sauke kwandon. Yau mai bincike zai zo daga ofishin tallafin karatu. Jami'a ta ɗauke ta karatun haɗa magunguna, amma kuɗin makaranta da na abinci sai dai tallafin, shi kuwa ba a bayar da shi sai an ga gida da ido: rufi, daɓe, abin da ke ɗaki. Idan ta rasa, dillalin da ke kai 'yan mata aikatau ƙetare yana jiranta. Shi ya kai mahaifiyarta, wadda muryarta ta daina zuwa ta waya tun Wening na firamare.

Kafin ta ja ko kujera ɗaya waje, aka yi sallama. Wani mutum ne mai rigar yadin batik da ta sha guga, jakar takardu a hammata, makullai a hannu. Kaka ta dasa shi a kushin mafi laushi, daidai gaban firjin da ko jona shi ba a yi ba, don wutar gidan ba za ta ɗauka ba.

"Ai ni, Kaka..." mutumin ya fara.

"Ci tukuna, Yallaɓai!"

Wening ta gudu kicin. A ƙauyen, duk gidan da ya yi baƙo, mata ta ƙofar baya suke shigowa taya aiki, kuma duk wadda ta shigo wuƙa ake miƙa mata, ba tambaya ba. Sun cika wurin. Har da wata dattijuwa mai ɗankwali ruwan toka, wadda ta cire baƙin takalminta sau-ciki ta ajiye cikin silifas ɗin mutane, ta zauna a ƙasa tana yanka albasa. Maƙwabciyarsu Gwaggo Tumini ta ɗauka 'yar'uwar matar liman ce. Matar liman ta ɗauka ta Tumini ce.

Ita Wening, in tsoro ya kama ta, bakinta ba ya rufuwa. Ta leƙa ta ɓular bangon gora, ta dawo, ta turo ciki, ta kumbura murya.

"Hmm. Firji. Hmm. Kushin. Yarinya, ke ai 'yar masu kuɗi ce. Je ki wanke kwanukan mutane a ƙetare!"

Mata suka kwashe da dariya. Ta ƙara da ta Kaka, har da rawar haɓa: "Ci tukuna, Yallaɓai!" Sai muryar ta karye a tsakiya, dariyar ta mutu.

"Firjin na wane ne?" in ji mai yanka albasa.

"Nawa ne," Tumini ta amsa. "Kifina na can cikin bokiti yana jirana."

Ruwa ya sauko. Wening ta tura roba da ƙafa ƙarƙashin yoyo ba tare da ta duba ba, ta tura ta biyu. Dattijuwar ta daɗe tana kallon rufin, sannan ta kalli buhun da aka rataye a jikin azara.

Wening ta ce mata, "Littattafaina ne, Gwaggo. In ruwa ya shigo ɗaki ba ya kai musu."

"To in ya tambaye ki, me za ki ce?"

"In na ce kayan aro ne, na tona asirin Kaka a gaban baƙo. Ita ta raine ni da sayar da rogo. In na yi shiru kuma..."

Aka kira ta kai shayi. Mutumin bai tambaye ta komai ba, kuma wannan ne ya fi razana ta. Yana dai juya makullansa, ya kalli firji, ya kalli ƙofar kicin, ya kalli hadari.

"Duk namu ne," in ji Kaka, tana shafa firjin kamar jika. "Ko ba haka ba, 'yar nan?"

Wening ta dubi hannun tsohuwar, duk ya tsage da ɓawon rogo. Ta ji ƙarar jirgin da ya tafi da uwarta a cikin kunnenta.

Ta sunkuyar da kai. Ba ta ce uffan ba.

Ta koma kicin ta durƙusa bayan murhu, ta toshe baki da zani don kada Kaka ta ji kukanta. Dattijuwar ta wanke hannu, ta sa takalminta a natse.

"A mayar wa Tumini firjinta kafin kifi ya yi wari," ta ce. "Ke kuma, in kin je jami'a ki riƙe bakin nan naki. Malaman can ba sa son a kwaikwaye su."

"Wace jami'ar kuma, Gwaggo? Ai ya riga ya gani."

Labule ya ɗaga. Mai rigar batik ya leƙo, da maiƙon soyayyar ayaba a leɓensa, ya rusuna ya miƙa wa mai yanka albasa jakar da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, in kin gama binciken mu tafi, kar ruwa ya cinye hanya in kasa fitar da motar."