Lakar Takalmin Shugaba

"A shafa musu laka," in ji sakatariya, ta dire wa direba sababbin takalman roba, ko takardar shago ba a ɓare ba.

Shugaban wata ƙungiyar agaji ta duniya ne zai yi jawabi kan ambaliya. Kwana uku da saukarsa, bai leƙa unguwar da ruwa ya cinye ba, wai iskar wurin tana tayar masa da mura. Amma taron zaɓen labulen sabon ofis, nan kam ya zauna awa huɗu cur, har da buga tebur.

Direba ya tafi da takalman, ya dawo da su kaca-kaca.

Shugaba ya zura ƙafa, ya marairaice a gaban kyamara, ya rantse ambaliya ce gaba da komai a wurinsa. Aka tafa.

A mota ya tuɓe su yana yatsina fuska, ya ce, "Kai, lakar nan ta yi kyau a hoto! Ina ka samo ta?"

Direba ya dube shi ta madubi.

"Daga kan gadon innata, ranka ya daɗe."

"Madalla. Gobe akwai 'yan jarida, ka ƙaro."