Shekara Shida a Bayan Ƙofa

Zalia ta miƙa wa Lauya Ladan takardar tashi daga gida. Yayarta Suweiba ta rasu, mai gidan da suke haya a unguwar Highbridge kuma so yake ya fitar da ita ya tsuga wa wani haya.

"Kwantar da hankalinki, Hajiya. A irin gidan nan, 'yar'uwar da ta zauna da mai haya shekara biyu doka ta ba ta gadon hayar. Shaida kawai za ki kawo. Wa ya san kina ciki?"

Zalia ta sunkuyar da kai. Shekara shida, da an ƙwanƙwasa ƙofa take shigewa banɗaki, don Suweiba ta ce mai gida na ganinta zai kore su.

"Babu kowa, Lauya. Wallahi na iya ɓuya."